Yadda Za Ka Farfaɗo da Tsohon Doom da 'Yan Uwansa a Kwamfutar Zamani

Tun ranar da na ambaci cewa har yanzu ina buga Doom, wasan harbin dodanni na 1993, a kwamfutar da nake aiki da ita, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa. Wani ya ce ya samo wasan amma ya ƙi buɗewa. Wani ya ce ya buɗe, sai dai hoton ya baje kamar an shafa masa mai. Wani kuma ya ɗora gyare-gyare goma a lokaci guda, wasan ya rufe kansa tun kafin ya ga dodo ko ɗaya. Ga yadda nake yi, daga farko har a kai ga harbi. Na gina bayanin a kan Doom saboda shi ne aka fi tambaya, amma tsarin ɗaya ne da na Quake da Duke Nukem 3D, zan taɓo su a gaba.

Abu ɗaya ka riƙe kafin ka taɓa komai. Wasan kashi biyu ne. Akwai kayan ciki, wato taswirori da dodanni da makamai da sauti, duk a dunƙule cikin fayil ɗaya. Akwai kuma injin da ke karanta fayil ɗin. Injin ne ya tsufa, domin don DOS, tsohon tsarin gudanar da kwamfuta, aka rubuta shi, Windows na yanzu mai 64-bit kuwa ba ya gudanar da manhajojin DOS. Kayan cikin lafiyarsu lau. Aikinmu kawai mu sauya inji.

1. Samo fayil ɗin wasan

Fayil ɗin da kake nema sunansa yana ƙarewa da .wad. Na The Ultimate Doom shi ne doom.wad, na Doom II doom2.wad, Final Doom kuma biyu gare shi, tnt.wad da plutonia.wad. Masu harkar suna kiran irin wannan babban fayil IWAD. Ƙanana ne sosai, doom2.wad bai wuce megabait 14 da ɗoriya ba.

Nan ne kaɗai kuɗi zai fita daga aljihunka. Ana sayar da wasan a Steam da GOG, kuma tun Agustan 2024 an haɗa su a fakiti ɗaya mai suna Doom + Doom II, wanda ya ƙunshi duka fayiloli huɗun da na lissafa. Kasuwannin biyu suna yin rangwame sau da yawa a shekara, in ba sauri kake ba ka jira. Bayan ka girka, buɗe foldar wasan ka rubuta .wad a wurin bincike, za su fito. Kwafe su za ka yi, kada ka ɗauke su daga wurin gaba ɗaya.

Idan ba ka shirya sayen ba, akwai Freedoom. Wasu masu sa kai ne suka zana sababbin dodanni da taswirori daga tushe, suka bayar kyauta. Fayilolinsa freedoom1.wad da freedoom2.wad, kuma yawancin taswirorin da aka yi don Doom suna tafiya a kansu.

Gargaɗi: akwai doom1.wad, wanda shi ne na ɗanɗano da aka raba kyauta tun farko. Babi ɗaya ne a cikinsa mai taswira tara. Yana da daɗi, amma ba ya karɓar ƙarin taswira ko mod, wato gyaran da masoya ke yi don sauya wasan. Mutane da yawa sukan ɓata dare guda suna neman abin da suka yi ba daidai ba, alhali lamba 1 ɗin nan da ke jikin sunan ce matsalar.

2. Shirya wurin ajiya

Buɗe sabuwar folda a wurin da kake da cikakken iko, misali C:\Wasanni\Doom. A ciki ka yi uku: ɗaya ta manyan fayiloli, ɗaya ta injuna, ɗaya ta taswirori da mod.

Kada ka sa ta cikin Program Files. Windows yana takura rubutu a can, wasu injunan sai su kasa adana saituna ba tare da sun ce maka komai ba. Sannan ka kunna nuna ƙarshen sunayen fayiloli a File Explorer, don ka riƙa bambanta .wad da .pk3 da .zip da ido.

3. Zaɓi inji

Kamfanin id Software, wanda ya ƙirƙiri wasan, ya saki lambobin injin Doom, wato rubutun da aka gina shi da shi, a ƙarshen 1997, shi ya sa yau ake da injuna da dama da masoya suka sake ginawa. Sunansu a bakin masu harkar source port, kuma duk waɗanda zan ambata kyauta ne. Nan ne ya kamata ka tsaya ka tambayi kanka abin da kake so, domin rabin korafin da nake ji daga zaɓen injin da bai dace ba yake tasowa.

Chocolate Doom yana ba ka wasan kamar yadda yake a da, da ƙaramin hotonsa na 320 sau 200 da duk kurakuransa. Na masu son su ga ainihin abin ne. Crispy Doom ƙanensa ne, ya ninka hoton zuwa 640 sau 400, ya cire wasu iyakokin tsohon injin, ya bar yanayin wasan yadda yake. DSDA-Doom shi ne na masu tseren gama wasa da masu buga manyan taswirorin zamani masu dubban dodanni, ba shi da nauyi, kuma ya san dokokin kowane zamani na taswira. GZDoom kuwa shi ne mai komai da ruwanka: cikakken hoto na zamani, kallon sama da ƙasa, tsalle, durƙuso, da manyan mod da ba sa tashi a ko'ina sai a kansa. A ƙarshen 2025 wasu daga cikin masu aikinsa sun buɗe reshe mai suna UZDoom, kuma matakan da zan faɗa a kan GZDoom kusan haka suke a can.

Ra'ayina: in kwamfutarka mai rauni ce, ko kuma wasan kawai kake so ka sani, fara da Crispy Doom ko DSDA-Doom. In mod ne ya jawo ka, GZDoom. Ba laifi ka ajiye biyu, kowanne a foldarsa. Ni uku gare ni.

Gargaɗi: ka sauke inji daga shafinsa na asali ko ma'ajiyarsa ta GitHub kawai. Duk inda ka ga an ce “Doom cikakke kyauta” a cikin fayil mai .exe guda ɗaya, wuce abinka. Injin gaskiya yakan zo ne a matse cikin .zip, ba ya neman ka kashe manhajar tsaro.

4. Tashin farko

Warware .zip ɗin a foldar injuna, ka kwafa IWAD ɗinka kusa da fayil ɗin .exe, ka danna sau biyu. GZDoom yakan gano wasannin da aka girka ta Steam ko GOG da kansa, ya nuna maka jeri ka zaɓa. Chocolate da Crispy suna da manhajar saiti daban a cikin foldar, mai setup a sunanta, ita za ka fara buɗewa.

Shiga taswirar farko, ka yi harbi, ka buɗe ƙofa, ka adana da F2, ka fita, ka dawo ka ɗauko da F3. Kada ka ƙara komai sai wannan ya yi aiki. In saƙo ya fito cewa ba a ga IWAD ba, ko dai fayil ɗin ba ya kusa da injin, ko har yanzu yana cikin .zip.

5. Gyara maɓallai da linzami

Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne canza wasan a hannun ɗan zamani. Sa W da S su zama gaba da baya, A da D su zama gocewa hagu da dama, linzamin kwamfuta ya zama juyawa, maɓallinsa na hagu harbi, E ko Space buɗe ƙofa. Kunna Always run, domin Doom da gudu ake bugawa, wanda ya tsaya ƙwallon wuta ya same shi.

A tsohon tsari, in ka tura linzami gaba ɗan wasanka ma gaba yake yi. A Chocolate Doom ka cire alamar Allow vertical mouse movement, in ba haka ba za ka riƙa zamewa cikin ruwan guba kana zargin hannunka.

Yanzu ga inda nake da tsauri. GZDoom zai ba ka damar tsalle da durƙuso da kallon sama da ƙasa. A taswirorin asali ka kashe tsalle da durƙuso. Waɗanda suka zana su sun san ɗan wasa ba ya tsalle, don haka wata gajeriyar katanga da kake gani ita ce makullin dukan taswirar. Ka tsallake ta, ka wuce mabuɗin da ya kamata ka nema, wani lokaci ma ka faɗa inda babu hanyar fita. Kallon sama da ƙasa ya fi sauƙin yafewa, tunda wanda ya saba da wasannin yanzu wuyansa kan ƙage in babu shi. Amma ka san abin da kake sayarwa. A taswira ta 30 ta Doom II, dabarar ita ce ka hau dandamalin da ke tashi, ka saki roka daidai lokacin da ka zo saitin ramin da ke goshin babban dodon. Da kallon sama kana iya tsayawa wuri ɗaya ka auna ramin, faɗan ƙarshe ya zama wasan yara. Asalin wasan shi yake auna maka tsayi: ka fuskanci dodo ko yana sama ko yana ƙasa, harsashi zai same shi. In ka kashe kallon sama, tabbatar Autoaim yana kunne.

6. Gyara hoto

Sa girman hoto daidai da na allonka. Daga nan abubuwa uku.

Na farko, bajewar nan da ake kuka da ita. Tacewa ce injin ke yi wa zane don ya ɓoye ƙwayoyinsa, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoton, kuma zanen Doom ba don haka aka yi shi ba. A GZDoom ka nemi Texture filter mode a cikin saitunan nuni ka mayar da shi None. Fuskokin dodanni za su dawo da kaifinsu nan take.

Na biyu, tsayin hoto. An zana wasan a 320 sau 200 amma ana nuna shi a allo mai 4:3, wato kowace ƙwaya ta fi faɗinta tsayi da kashi 20 cikin 100. In ka kashe gyaran da ke kula da wannan, kowa zai gajarce ya yi ƙiba. Bar Aspect ratio correction a kunne a injin da ke da shi.

Na uku, santsin motsi. Zuciyar Doom tana bugawa sau 35 a daƙiƙa, kuma haka take har gobe. Injunan zamani suna cike tsakanin bugun da hotuna don ido ya ga santsi. A Crispy da DSDA sunan saitin Uncapped framerate, kunna shi. Ba ya ƙara wa dodanni sauri.

In wasan yana sa ka jiri, rage lilon da hoto ke yi lokacin tafiya. A GZDoom danna maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta movebob 0.1. Haske kuma kada ka cika shi. Duhun wasu ɗakunan da gangan aka yi shi.

7. Sauti

Kiɗan Doom MIDI ne, wato umarnin kiɗa ne ba kiɗan da aka naɗa ba, shi ya sa yake canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. In kana son ƙarar tsofaffin katunan sauti irin su Sound Blaster, zaɓi OPL. In kana son mai kauri, zaɓi FluidSynth ka ba shi fayil na muryoyin kayan kiɗa mai .sf2, musamman wanda ya kwaikwayi tsohuwar na'urar kiɗa Roland SC-55. A GZDoom ana ajiye shi a foldar soundfonts. Minti biyu ya ishe ka a nan.

8. Ƙara taswirori da mod

Sai ka buga aƙalla babi ɗaya na asali kafin ka zo nan. Ba don tsarki ba, don ka san abin da mod ya canza. Na sha ganin wanda ya fara da mod ɗin Brutal Doom a ranar farko, daga baya da ya ga na asali ya ɗauka nasa ne ya lalace.

Ƙarin fayil ana kiransa PWAD, kuma a kan IWAD yake hawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ja shi da linzami ka sake a kan .exe na injin. In kana son abin da zai dawwama, yi gajeriyar hanya ta injin a fuskar kwamfuta, ka ƙara wannan a ƙarshen layin Target:

-iwad doom2.wad -file sunantaswira.wad

In fayiloli sun yi yawa, manhajoji irin su ZDL ko Doom Launcher ko DoomRunner za su riƙe maka jerin, ka daina rubutu.

Kowace taswira tana zuwa da ƙaramin fayil na .txt. Karanta shi. Layi biyu kake nema: wane IWAD take so, kuma wane inji. Sigil, wanda John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Doom, ya fitar a 2019, babi na biyar ne na The Ultimate Doom, don haka doom.wad yake so. Ka ɗora shi a kan doom2.wad ba za ka ga abin kirki ba. MyHouse na 2023 kuwa doom2.wad yake so, kuma sai da GZDoom. Alamar ka yi kuskuren IWAD ita ce bango mai zanen da ya ɓace, ko wasan ya buɗe ka tarar da tsohuwar taswirar farko kamar ba ka ɗora komai ba.

A DSDA-Doom akwai lambar dacewa da ake ba inji, don ya bi dokokin da aka zana taswirar a kansu: -complevel 2 na Doom II, 3 na Ultimate Doom, 4 na Final Doom, 9 na taswirorin Boom, 11 na MBF, 21 na MBF21, ukun nan tsare-tsaren taswira ne da masoya suka ƙaro daga baya. Lambar da ba daidai ba takan sa wata ƙofa ta ƙi buɗewa bayan ka yi awa guda a ciki, kuma babu saƙon da zai gaya maka dalili.

Gargaɗi kan jeri: fayil ɗin da ya zo daga baya shi ke danne na gabansa. Sa taswira a farko, mod na makamai da dodanni bayanta, kiɗa da ƙananan kayan ado a ƙarshe. Mod biyu da kowanne ke sauya makamai ba sa zama a tukunya ɗaya. Haka nan in taswira ta zo da nata sababbin dodanni, mod na dodanni zai iya share su, ko ya hana wata katanga sauka saboda injin yana jiran mutuwar dodon da babu shi. Ɗaya bayan ɗaya za ka ƙara, kana gwadawa. Ranar da abu ya fashe, ka san na ƙarshe ne.

Inda ake samu: ma'ajiyar idgames ta Doomworld tana da dubban taswirori kyauta. In yawan ya ruɗa ka, duba jerin Cacowards, zaɓen gwanayen shekara da ake yi tun 2004. Sai dai ka yi hattara, da yawa cikinsu don waɗanda suka shekara ashirin suna bugawa aka yi su. Fara da Hurt me plenty, matakin wahala na uku cikin biyar. Ultra-Violence, mataki na huɗu, ba ya gudu.

9. Kare abin da ka adana

F6 adanawa ce ta gaggawa, F9 ɗaukowa. Fayil ɗin ajiya yana ɗaure da jerin mod ɗin da aka yi shi da su, wani lokaci har da sigar injin. Na taɓa sabunta inji ina tsakiyar wani fakiti mai taswira 32, na kai ta ashirin da wani abu, sabon ya ƙi karɓar ajiyata. Tun daga ranar ba na goge tsohon inji sai na gama abin da nake bugawa, sabon ya zauna a foldarsa ya jira.

In hakan ta same ka, ba sai ka koma farko ba. Ƙara -warp 21 -skill 3 a layin umarni, wato layin Target ɗin nan, ka sauka a taswira ta 21 da ƙaramar bindiga. A Ultimate Doom lamba biyu ake ba shi, ta babi da ta taswira, misali -warp 2 4. Yawancin taswirori masu kyau an tsara su yadda za a iya farawa da ƙaramar bindigar, ko da za ka sha wuya.

10. Bugawa da abokai

Don wasa ta intanet Zandronum ya fi sauƙi, tare da Doomseeker, wanda ke nuna maka sabobi, wato kwamfutocin da ke karɓar 'yan wasa, da ke buɗe ya kuma sauko maka da ƙarin fayilolin da ake buƙata. IWAD kam ba zai ba ka ba, naka za ka kawo. Sharaɗin shi ne kowa ya riƙe sigar inji ɗaya da fayiloli iri ɗaya a jeri ɗaya. In kai ne mai masauƙi, sai ka buɗe ƙofar UDP 10666 a na'urar da ke raba maka intanet. A gida ɗaya kan na'urar raba intanet ɗaya ba ka buƙatar wannan.

Gargaɗi: in aboki ba shi da wasan, kada ka tura masa doom2.wad ɗinka. Injin ne aka saki kyauta, kayan cikin har yanzu na masu shi ne. Ku haɗu a kan Freedoom, akwai ma FreeDM da aka yi musamman don faɗa tsakanin 'yan wasa.

11. Sauran 'yan gidan

Heretic da Hexen a kan injin Doom aka gina su, don haka heretic.wad da hexen.wad suna tashi a GZDoom kai tsaye. Wolfenstein 3D na 1992 injinsa na zamani ECWolf, fayilolinsa masu ƙarewa da .WL6. Duke Nukem 3D yana buƙatar duke3d.grp tare da EDuke32, ko Raze in kana son inji ɗaya da zai ɗauki Blood da Shadow Warrior ma.

Quake na 1996 ya ɗan bambanta. Kayansa suna cikin folda mai suna id1, fayiloli biyu, pak0.pak da pak1.pak. Kwafe foldar gaba ɗaya kusa da injin Ironwail ko vkQuake ko QuakeSpasm. Abubuwa uku ke kama mutane a nan. Kiɗan a faifan CD yake tun asali, ba a cikin pak ba, don haka in ka ji shiru sai ka yi folda mai suna music a cikin id1, ka zuba waƙoƙin da suna irin track02.ogg zuwa sama. A Linux sunayen fayiloli sai da ƙananan baƙaƙe, PAK0.PAK ba zai karantu ba sai ka sauya masa suna. Sannan tsohon lissafin motsin Quake a kan hoto 72 a daƙiƙa aka ɗaure shi. A QuakeSpasm in ka ɗaga host_maxfps sama da haka, lif da tsalle sukan fara rashin hankali. Ironwail da vkQuake sun raba lissafin motsi da na hoto, su za ka ɗauka in allonka mai saurin gaske ne.

Mod na Quake kowanne foldarsa daban kusa da id1, ba a cikinta ba. Arcane Dimensions, misali, yana zama a folda mai suna ad, ka tashe shi da -game ad a layin umarni.